Baba Kofur Ya Ƙi Yarda Da Jarumin

Baba Kofur: Arba'in da bakwai, arba'in da takwas... kai Sale, tsayar da fim ɗin nan!

Sale mai shayi: Haba Baba, don girman Allah yau kam a bari mu ga ƙarshensa, tun bayan isha'i muke abu ɗaya.

Baba Kofur: Na ce ka tsayar. Wannan bindigar da ke hannun yaron nan AK-47 ce ko ba ita ba ce? Harsashi 30 take ci. Talatin! Ya harba arba'in da takwas bai canja gidan harsashi ba, rijiya ce a cikinta?

Iliya ɗan acaɓa: To Baba ai jarumi ne.

Baba Kofur: Jarumin ne yake haifan harsashi a aljihu?

Fim ɗin dai na Indiya ne da aka fassara da Hausa, a kan yaƙin da suka yi da Pakistan a duwatsun Kargil a 1999, kuma duk wanda ya taɓa zama teburin Sale a unguwar Jekadafari ta garin Gombe ya san in dai fim na yaƙi ne to gara a ɓoye rimot kafin Baba Kofur ya dawo daga masallaci. Ranar an makara.

Ticha Garba: Baba Kofur, kai matsalarka ba ka kallon saƙo. Wannan fim darasi ne na kishin ƙasa. Dubi yadda yaron nan ya rungumi tutar ƙasarsu, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Baba Kofur: Sanyin janareta ne ya buge ka, Malam. Mutum an harbe shi sau uku a ƙirji, ya tsaya ya yi jawabi na minti goma, ya gaida uwarsa, ya gaida budurwarsa, ya yi wa ƙaninsa wasiyya a kan karatu, har da waƙa. Mu a Laberiya wanda harsashi ya sama kalmar shahada ma da ƙyar yake ƙarasawa.

Iliya: An zo wajen. Laberiya.

Baba Kofur: E, Laberiya! 1990, da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. A jirgin ruwa muka sauka tashar Monrobiya, lokacin Gomben nan ma tana cikin jihar Bauchi, kai kuwa ko a mafarki ba a san da kai ba. Ga yaran Charles Taylor can, ga na Prince Johnson nan, ruwan sama ba dare ba rana, takalmi ya jiƙe har ƙafa ta yi fari ta fara wari. Ka taɓa ganin an nuna ƙafar soja a fim?

Sale: Baba mutane na shan shayi fa.

Baba Kofur: Su sha. Dubi gashin kan yaron nan, wata guda yana kan dutse cikin ƙanƙara amma gashi a kwance luf yana sheƙi. Wa yake masa aski a can? Kuma tun da aka fara fim ɗin nan ka ga wani ya ci abinci? Ka ga wani ya zaga bayan dutse? Soja ba ya jin yunwa kenan. Mu abin da muka fi tattaunawa a ramin tsaro ba tuta ba ce, shinkafa ce, da kuma alawus ɗin da aka ce yana hanya.

Ticha Garba: To ai ba za a ɗauki kyamara a nuna mutum yana cin shinkafa awa uku ba. Fim dole a ƙara masa gishiri, don matasa su so ƙasarsu. Mu nan me muke da shi? Yaƙin basasa aka yi daga 1967 zuwa 1970, kakanninmu suka je har ƙasar Bama ta nahiyar Asiya a yaƙin duniya na biyu, amma yaranmu na makaranta sun fi sanin sojan Indiya da na Amurka. Da ni ne gwamnati, duwatsun Kaltungo zan kai 'yan fim, a sa jirgi mai saukar ungulu, a kafa tuta kore fari kore a ƙoli, kowa ya yi kuka.

Iliya: Ticha, ba kai ne ka ce in kai ka wajen mai kwamfuta ranar Talata ka cike takardar neman aiki a ƙasar waje ba?

Ticha Garba: Wannan daban. Daga can ma ana kishin ƙasa, har ya fi ƙarfi.

(Shekara uku kenan yana cike takardun nan, har mai shagon ya haddace lambar fasfo ɗinsa.)

Sale ya saki fim. Ba a yi minti biyu ba jarumi ya cire kan gurneti da haƙori.

Baba Kofur: Tsayar!

Sale: Innalillahi.

Baba Kofur: Da haƙori? Ka gwada ka gani in ba a Asibiti za ka kwana da haƙoranka a leda ba. Kuma ya riƙe shi yana zagin abokin gaba, yana ba shi tarihin kakansa. To ko wannan na yafe, tun da bai saki hannu ba. Amma ya jefa, abu ya fashe a bayansa taku biyar, shi kuma yana tahowa a hankali ko waiwaye babu, ko kunnensa bai toshe ba. Ni da nake gaya maka har yau kunnen nan na hagu ba ya ji.

Sale: Shi ya sa in na ce Baba kuɗin shayin jiya sai ka juyo min da shi.

Baba Kofur: Me ka ce?

Sale: Ba komai.

Ticha Garba: Ni dai abin da na gani shi ne mutumin ya mutu don ƙasarsa, gwamnati ta kai gawarsa gida cikin girma, manyan hafsoshi sun sara masa, an ba uwarsa lambar yabo.

Baba Kofur: Yawwa, nan ne ƙaryar ta fi girma, ta ma fi ta harsashin. Sai su nuna kashi na biyu mana. Su nuna abokinsa da bai mutu ba, ya tsufa, ya hau mota ya tafi tantancewar fansho da fayil a hammata, ya kwana a layi, a ce masa kwamfuta ba ta ga sunansa ba, ya je ya kawo shaidar cewa yana da rai. Ni da kaina ina tsaye gaban yarinya sa'ar jikata tana tambayata shaidar ina da rai! Wannan fim ɗin in aka yi shi ko ba waƙa sai kun yi kuka. Mu sai ranar 15 ga Janairu ake tunawa da mu, a ajiye fure, a saki tantabaru, tantabarun ma sun fi mu samun hatsi.

Nan kam teburin ya yi tsit, har Sale ya zuba masa madara cokali biyu ba tare da an roƙa ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin teburin. Amma Ticha ba ya iya barin magana ta mutu a hannun wani.

Ticha Garba: Duk da haka Baba, kishin ƙasa a zuciya yake. Ni nan in aka ce yau Najeriya na bukatar jinina...

Iliya: To yi mana taken ƙasa.

Ticha Garba: Wanne?

Iliya: Na yanzu mana.

Ticha ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya ɗauko layin farko na tsohon taken da aka dawo da shi a 2024, ya zarce cikin wanda aka yi amfani da shi tun 1978, daga nan ya koma gunguni da hanci, ya rufe da amin.

Baba Kofur: Kuma hannun hagu ka ɗora. A bariki da yanzu kana tsallen kwaɗo.

Ticha Garba: Ai laifin masu canjawa ne, mutum yana cikin haddace wannan a kawo wancan. Amma maganar jini tana nan. Ko yanzu abokan gaba suka shigo Gombe, ni ne a gaba, ƙirji a buɗe kamar jarumin nan.

Bai rufe baki ba janaretan Sale, wanda tun ɗazu yake tari saboda man da aka auna masa da kwalba, ya yi wata ƙara, ɗau! Wuta ta ɗauke, fim ya mutu. Da Sale ya haska fitilar waya, benci babu kowa. Takalmin Ticha ƙafa ɗaya na nan, shi kuwa wani mai lemo ya ce ya ga wucewarsa ya nufi hanyar Tashar Dukku. Baba Kofur na ƙarƙashin tebur, kwance rub da ciki tsakanin katan ɗin indomi da buhun gawayi, hularsa a gefe.

Iliya: Baba! Kai ma? Ina jarumtar Laberiya?

Baba Kofur: Wannan ita ce jarumtar, ɗan nema. Abu na farko da ake koya wa soja kenan, ka ji ƙara ka kwanta, tambaya daga baya. Duk waɗanda suka tsaya ƙirji a buɗe suna can Monrobiya, ni ga ni ina shan shayi. Kun ga yadda na faɗi? Gwiwar hannu ta riga ƙirji. Wannan yaron na fim ko shekara zai yi bai iya ba.

Sale: To mun gani Baba, fito, janareta ne.

Baba Kofur: Na san janareta ne, tun kafin ya yi ƙarar na sani. Atisaye nake muku.

Sale: To fito mana.

Baba Kofur: Soja ba ya barin wajen tsaronsa sai an ba da oda.

Iliya: Bayansa ne ya riƙe wallahi.

Baba Kofur: Sale, miƙo min kofin nan ƙasa, ka haɗo da burodi. Ka rubuta, in fansho ya shigo.