Gabar nan da ka ɗauka, ta waye?

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Za ka ga yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya hau Facebook yana rantsuwa cewa shi da 'yan ƙabila kaza ko mutanen gari kaza babu shiri har abada. In ka tambaye shi me suka yi masa, sai ya ce ai labari ya ji. Lokacin da aka yi rikicin ma ba a haife shi ba, amma ya fi waɗanda aka ƙona wa gida zafi.

To bari in ba ku labarin waɗanda suka fi mu dalilin riƙo.

Faransa da Jamus sun gwabza yaƙi sau uku cikin shekara 75: a 1870, da 1914, da 1939. A Verdun kaɗai, a 1916, an kwashe wata goma ana ruwan wuta, sojoji wajen 300,000 suka mutu daga ɓangarorin biyu. Akwai wani gini a Douaumont, kusa da wurin, da aka tara ƙasusuwan mutum kusan 130,000 waɗanda ba a gane su ba. Na Faransa da na Jamus duk a cakuɗe, ba mai iya tsince su. Mu ma ba mu tsira ba, don Faransa ta kwashi samarin Afirka ta Yamma ta kai su yaƙe-yaƙen 1914 da 1939.

Ku dubi yadda ramuwa take. A 1918, cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne aka sa Jamusawa suka sa hannu a takardar tsagaita wuta, daga baya aka ɗora musu diyya mai nauyi. Da Hitila ya ci Faransa a 1940, sai ya sa aka jawo wannan tarago daga inda aka adana shi, aka mayar da shi daidai wurin, aka zaunar da Faransawa a ciki su ma suka sa hannu. Ramuwar gayya, an ce ta fi gayya zafi. Shekara biyar bayan nan biranen Jamus sun koma kufai.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne su wa suka fara miƙa hannu. Masu tabon ne. Lucien Tharradin, magajin garin Montbéliard, Jamusawa sun tsare shi a sansanin gwale-gwale na Buchenwald. Shi ne a 1950 ya ƙulla abota tsakanin garinsa da garin Ludwigsburg na Jamus, shekara biyar kacal da ƙare yaƙi, zawarawan garin ba su gama share hawaye ba. Charles de Gaulle, wanda daga baya ya shugabanci Faransa, an ji masa rauni a Douaumont, ya yi zaman fursunan yaƙi a hannun Jamusawa. A 1958 ya gayyaci shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer, zuwa gidansa na ƙauye a Colombey, ya ci abinci da iyalinsa, ya kwana. A Satumbar 1962 kuma, dattijo mai shekara 71, ya tsaya gaban dubban matasan Jamus a Ludwigsburg ya yi musu jawabi da harshensu, ya kira su 'ya'yan babbar al'umma, ko da yake ta taɓa tafka manyan kurakurai. Kai da ko gaisuwar maƙwabcinka da harshensa kake ganin ƙasƙanci ne ka koya, ka tsaya ka yi tunani a nan.

Kada kuma ku ɗauka soyayya ce ta sauko musu dare ɗaya. Lissafi suka yi. Ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ɗan kan iyaka ne, takardun Jamus yake riƙe da su har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 9 ga Mayun 1950 ya kawo shawarar a haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu ƙarƙashin hukuma guda, tunda da su ake ƙera igwa da tankar yaƙi. In rumbunku ɗaya da mutum, ba ka cinna masa wuta. Daga nan Tarayyar Turai ta samo tushe. Yarjejeniyar Élysée ta 22 ga Janairun 1963 kuwa ta wajabta wa shugabannin ƙasashen biyu haɗuwa aƙalla sau biyu a shekara, ana ɗasawa ko ba a ɗasawa. Aka kuma kafa ofishin matasa wanda ya kai miliyoyin yara ziyara ƙasashen juna, su kwana a gidajen waɗanda aka ce musu abokan gaba ne. Har yau suna saɓawa kan kuɗi da makamashi da makamai, ko harshe da haƙori ma ai ana yi, amma a teburi ake ƙarewa.

Na san abin da wani zai ce: wato mu manta da abin da aka yi mana ke nan? Wa ya ce maka sun manta? Ranar 10 ga Yunin 1944 sojojin Jamus suka shiga ƙauyen Oradour na Faransa suka kashe mutum fiye da 640. Mata da yara a coci aka kulle su aka sa wuta. De Gaulle ya ce a bar ƙauyen yadda yake, kada a sake gina shi, sabon gari a gefe aka yi. A 2013 shugaban Jamus Joachim Gauck ya je wurin tare da shugaban Faransa François Hollande. Wanda ya zagaya da su wani tsoho ne, Robert Hébras, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira ranar, wanda mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata biyu suka mutu a kisan. Su uku suka shiga kangon cocin suka tsaya riƙe da juna. A waje kuwa motocin da suka yi tsatsa da kekunan ɗinkin matan ƙauyen suna nan cikin kangayen gidaje, ba wanda ya kawar da su.