Kafin a ɗora bulo a tsohuwar kasuwa

An ba da labarin mayar da filin tsohuwar kasuwa makaranta da gudummawar mutanen gari, kuma wannan abin alheri ne. Amma jama'a, a fara da takarda. A dokar filaye ta Najeriya ta 1978, ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin amfani da filin karkara. A zauna da dagaci da magadan masu rumfuna, kowa ya sa hannu, don rigimar gado kan taso ne bayan gini ya kai linta.

Sai ƙasar kanta. Gurbin juji da mahauta laushi gare shi. In harsashi bai kai tsandauri ba, ruwan damina zai sa bango ya tsage. A fitar da magudanar ruwa tukuna. Rijiyar burtsatse kuma ta nisanci masai da aƙalla mita 30.