Akwatin FireWire da muryar surukina

Waɗanda suka san gidanmu sun san akwatin ɗaukar muryar nan da na gada daga situdiyon abokina na Bukoki lokacin da ya rufe ya tafi Abijan, kuma sun san surukina Baba Alhaji, saboda haka ba zan tsaya gabatar da kowa ba. Da Baba ya zo daga Tawa ganin likitan ido, uwargida ta ce tunda Allah ya kawo shi Yamai, ya kamata a ɗauki tarihin zuri'arsu daga bakinsa domin jikoki. Auta, ƙaninta, ya ce wayarsa ta isa. Ni kuma na ce muryar dattijo irin Baba ta fi ƙarfin waya, kuma a gaban jama'a na faɗa.

Akwatin ba ya shiga ta USB, sai ta FireWire, wato hanyar da Apple ya ƙirƙiro wadda a da masu situdiyo da masu kyamarar bidiyo suke ji da ita, amma yau za ka juya sabuwar kwamfuta ta ko'ina ba ka ga raminta ba. Na nufi kasuwar Katako, inda wani mai rumfa ya zaro mini igiya mai bakin USB a gefe guda da bakin FireWire a ɗaya gefen, ya rantse cewa ko jiya wani ɗan jarida ya sayi irinta, ya karɓi jika uku. Igiyar ba ta taɓa yin aiki ba kuma ba za ta yi ba, domin hanyoyin biyu ba iri ɗaya suke aika saƙo ba, kuma babu komai a cikinta in ban da zaren tagulla. Mafita ita ce babbar kwamfutar tebur mai Windows 10, wadda na buɗe cikinta na soka mata katin FireWire, bayan na sa mai sayarwa ya kawo madubin gyaran waya na karanta sunan Texas Instruments a kan ɗan baƙin guntun da ke tsakiyar katin, tunda irinsa ne akwatunan sauti suka fi jituwa da shi.

Daga nan aka shiga rigimar manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta. Masu ƙera shi sun daina sabunta ta tun zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009. Sai da na fara sauko da tsohuwar manhajar FireWire ɗin da Microsoft ya cire daga Windows 8 ya ajiye a gefe domin masu tsofaffin kaya, sannan na samo ta akwatin a intanet, wadda wani bawan Allah ya yi wa kwaskwarima. Kwaskwarimar ta ɓata sa hannun da Windows ke dubawa, saboda haka dole ne a riƙe Shift a sake kunna kwamfuta, a bi ta shuɗin allo, a danna F7 domin ta kau da kai. Wannan alfarma kuwa ta kunnawa ɗaya ce, kuma a watan Afrilu muke, lokacin da wuta ke zuwa tana komawa yadda ta ga dama. Duk da haka wata rana da dare fitilar akwatin ta yi shuɗi, layin sauti ya motsa a Audacity, manhajar da nake ɗaukar sauti da ita, har na tashi uwargida daga barci domin ta shaida.

Ranar Juma'a bayan La'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Baba ya sa babbar riga da rawani, ko da yake na aika a gaya masa murya kawai za a ɗauka. Ƙannensa biyu mazauna Wadata sun zo, matan gida suna bakin ƙofa, Auta kuma ya jingina da bango yana dafa shayi. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaida Baba, na kafa masa makirufo, na danna maɓallin wutar volt 48 da irin wannan makirufo ke buƙata, na yi wa yara kashedi cewa kada wanda ya taɓa igiyar FireWire ɗin mai haƙora shida, domin tana ɗauke da wuta, kuma cire ta ko soka ta a karkace na iya ƙona ramin. A nan ne Auta ya tambaya, da muryar nan tasa ta marar laifi: “Yaya Injiniya, mene ne bambancinsa da waya?” Na amsa masa cewa waya ɗanɗano kawai take yi, wannan kuwa zai yanki muryar Baba sau 96,000 a cikin daƙiƙa guda, alhali faifan CD ma 44,100 ne. Na zaɓi 96,000 ɗin a kan allo kowa yana kallo, ɗaya daga cikin kawunnan ya ce tabarkalla.

Baba ya yi magana wajen minti arba'in. Ya kawo kakanni tun daga Adar, ya kawo ayarin gishirin Abzinawa, ya kawo tafiyarsa ta farko cin rani, sannan ya gangaro kan farin 1973, yadda garken mahaifinsa ya ƙare saniya bayan saniya, da yadda ya shigo Yamai a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Mata suna share hawaye. Ni ina sanye da abin kunne da ke jone da akwatin, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye: a kunnena muryar ta fito garau, har ƙarar carbinsa ana ji.

Da ya shafa fatiha, Auta ya ce bai kamata Yaya ya ji daɗin shi kaɗai ba, ya miƙo lasifikarsa ta Bluetooth, ya ce a tura masa a saka wa kowa. Na fitar da sautin na tura masa. Na lura tsawonsa ya nuna minti ashirin, amma na ɗauka lissafin wayarsa ne, tunda wayar Auta ba abin shaida ba ce. Ya ƙure ƙara ya danna.

Abin da ya fito bisimilla ce, amma da muryar ƴar yaye, siririya, tana gudu kamar mai kiran fasinja a tashar Wadata. Sunayen kakannin da Baba ya jero ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana nema wa kowanne gafara, suka wuce a numfashi guda. Gyaran muryarsa, wadda idan ya yi ta a Tawa gida ke yin tsit, ta fito tsut. Babu wanda ya motsa. Ƙaramin kawu ya sunkuyar da kai yana nazarin tabarma, kafaɗunsa suna rawa. Babban kawu ya ja rawani ya rufe baki. Uwargida ta shige ɗaki da sauri, kuma daga inda nake durƙushe ina jin gadon yana girgiza. Na miƙa hannu ina yi wa Auta alama ya kashe, shi kuwa ya duƙufa kan butar shayi yana ɗaga ta sama yana tsiyayawa, ya bar muryar ta kai har wurin mutuwar shanu. A daidai nan ƴata ƙarama ta matso ta dafa gwiwar kakanta ta ce: “Kaka, wace yarinya ce shanunta suka mutu?”

Baba ya dubi lasifikar, ya dubi akwatin, bai dube ni ba, wanda dama tsakanin suruki da suruki ba sabon abu ba ne, sai dai wannan rashin kallon na daban ne. Ya ce: “Malam, wannan shi ne dubu casa'in da shidan?” Na ce: “Baba, gyara ne kaɗan.” Ya ce: “To, Allah shi ba da sa'a,” ya nemi buta.

Gyaran kuwa kaɗan ne da gaske. Manhajar da aka yi wa kwaskwarima ta karɓi umarnin 96,000 ta ce to, amma ta bar akwatin yana aiki a kan 48,000, saboda haka duk na'urar da ta gaskata lambar da ke jikin sautin sai ta karanta shi ninki biyu. Ta cikin akwatin kuwa daidai yake fita, shi ya sa kunnena bai kama komai ba. Kafin a kira Magariba na sauya lambar a Audacity, muryar Baba ta dawo da nauyinta, amma a lokacin babu mai saurare sai ni da kaji.

Shi kuwa Auta, wanda ni na biya masa kuɗin makarantar koyon tuƙi, wanda babur ɗina yake ɗauka ya dawo da shi babu mai, ya riga ya tura na farkon cikin zauren WhatsApp na dangi, ya ce wai hannunsa ne ya zame. Hannun da ya zame har ya rubuta “aikin Injiniya” a ƙasa. Daga baya kuma ta bayyana cewa tun farkon zaman wayarsa tana kife kusa da gawayin shayi tana ɗauka, kuma nasa ɗin, mai ƙarar cokali da kukan akuyar maƙwabta, shi dangin Abijan suka ajiye a matsayin tarihi. Na tura gyararren sau ba adadi, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma tambaya ya yi ko ina da na yarinyar, domin nasa ya goge.

Na koma Katako da igiyar nan domin karɓo jikata uku, na tarar rumfar ta koma ta mai sayar da fanka.