Amurka da Aljas: fansar da aka biya da kayan yaƙi

Idan ana labarin yaƙin Amurka da 'yan fashin tekun Arewacin Afirka, an fi ambaton daren da hafsan sojan ruwan Amurka Stephen Decatur ya cinna wa Philadelphia, jirgin yaƙin Amurka da abokan gaba suka kama, wuta a gaɓar Tarabulus a 1804. Ni kuwa a ganina, abin lura yana can baya, wurin katako da tagulla da igiya.

Amurka ta sayar da jirgin yaƙinta na ƙarshe a 1785. A shekarar ce kuma mutanen Aljas, babban birnin Aljeriya ta yau, suka kama mata jiragen fatauci biyu. A 1793 suka ƙara da goma sha ɗaya, da ma'aikata sama da ɗari. Sai a Maris 1794 majalisa ta yarda a ƙera jiragen yaƙi shida, shi ma da sharaɗin a dakata in an sulhunta da Aljas.

Doka ta fita a rana guda, amma ba da takarda ake ƙera jirgi ba. Joshua Humphreys, wanda ya zana jiragen, ya nemi wani icce mai tsananin ƙwari da ke tsibiran Jojiya. Masassaƙan da aka turo daga arewa zazzaɓi ya kwantar da su, nauyin saran ya koma kan bayi baƙar fata. Wato ƙasar da ke kukan an bautar mata da 'ya'ya a Aljas, da gumin nata bayin take shirin ceto su. Fallayen tagullar da ake lulluɓe ƙasan jirgi da su kuma daga Ingila aka sayo, wajen uwargijiyar da aka rabu da ita jiya-jiya. Don kada rigima ta tashi tsakanin jihohi, aka rarraba aikin a garuruwa shida, jigila ta ƙaru. Ba a jefa ko ɗaya a ruwa ba sai 1797.

Kafin nan an riga an yi sulhu a 1795: fansar dala 642,500, da harajin shekara-shekara na dala 21,600 wanda za a riƙa biya da kayan jirgi, irin su katako, igiya da albarushi. Da kuɗin suka yi jinkiri, aka ƙera wa sarkin Aljas sabon jirgin yaƙi mai suna Crescent don ya huce. Wanda ya taɓa jin an biya fansa da babura ya san inda wannan hanya take kaiwa.

Ba na cewa masu sulhun wawaye ne. Baitulmali ba shi da ƙarfi, mutane na cikin mari, su ma manyan ƙasashen Turai biya suke yi. Sai dai wanda ya ga ana ba wa maƙwabcinsa, shi ma zai miƙo hannu. Yusufu Ƙaramanli, sarkin Tarabulus, garin da ayarin Kano da Barno ke sauke kaya, ya nemi a ƙara masa, aka ƙi, ya sa aka sare sandar tutar Amurka a 1801, alamar ya shelanta yaƙi. Harajin Aljas kuwa ba a soke shi ba sai 1815, lokacin da Decatur ya iso bakin garin da rundunar jiragen yaƙi.