Gadar sama a birni, faci a ƙauye

Tun da aka fara gadojin sama na Ɗan Agundi da Tal'udu a birnin Kano, aka kuma koma kan titunan kilomita biyar-biyar na hedikwatocin ƙananan hukumomi, magana ɗaya ake ta nanatawa a rediyo: an kawo ci gaba. Wanda ya tambayi ina rabon mai keke da mai tafiya a ƙasa sai a yi masa kallon wanda bai waye ba. Wai keke abin da ne, wai gwamnati ba za ta zuba kuɗi don raya talauci ba. Da wannan tunanin nake rigima.

Masu wannan magana ba sa fita daga birni. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a 2024. Manomin da ke zuwa gona a babur ya jingine shi a zaure, ya kakkaɓe tsohon kekensa. A tsaya bakin hanyar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, a ƙirga masu keke da amalanke da 'yan kora da matan da ke ɗauke da ƙwarya, sannan a ƙirga motocin gida. Da yawa daga masu bin hanyar ba su da inji, amma da aka zo zana ta ba a sa su a lissafi ba.

Kwaltar babbar hanya mai hannu ɗaya faɗinta mita 7.3 ne, daidai motoci biyu su gifta juna. Mai keke gefe ne nasa. A takardar kwangila akan rubuta gefen, wani lokaci har mita 2.75, amma a ƙasa marmara ake zubawa a daddanna sama-sama, ko a yi feshin kwalta sau ɗaya. Damina biyu ta isa ruwa ya cinye shi. Sai bakin kwalta ya zama gaɓa mai tsayin taƙi guda. Tirela ta taho da hon, mai keke da buhu a kariya ya sauka daga gaɓar nan cikin rairayi, tayar gaba ta nutse, ya kife. In ya ƙi sauka kuwa, an san ƙarshen zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa fiye da rabin masu mutuwa a haɗarin hanya masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Shi ya sa mutanen gari ke jera kututture ko su tara ƙasa a kan titi bayan an kaɗe musu yaro. Aikin injiniya ne suke yi da hannunsu saboda ba a yi musu ba.

A bar babbar hanya, a shiga turbar da ke haɗa ƙauye da makaranta da asibiti da kasuwa. Abu uku ke kashe ta: rairayi, tsidau da ruwa. Rairayin arewacin Jigawa kan sa mutum ya tura keke maimakon ya hau. Tsidau kan huda taya har kuɗin faci ya fi ƙarfin ɗalibi. Ruwa shi ne babba. Kwari ɗaya tak da ba shi da kwalbati kan raba gari da sakandare tun daga Yuli har Satumba, kuma mutanen Auyo da Miga da Kafin Hausa ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Ɗalibar da ke da kilomita 6 tsakaninta da aji tana cin sama da awa ɗaya a ƙasa, a keke kuwa ba ta kai rabin awa in hanyar na da kyau. Wannan tazarar ce ke sa uba ya ce ta zauna a gida.

Gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. Turba mai faɗin mita biyu da rabi, a ɗaga ta sama da gonakin gefe, a zuba marmara kaurin santimita 15, a jiƙa a danne, a yi mata doro don ruwa ya gangara, a haƙa lambatu hagu da dama, a sa kwalbati inda ruwa ke tsallakawa. Keke ba shi da nauyin da zai fasa ta. Abin da ke lalata irin wannan aiki shi ne ƙaramin bututun kwalbati da yashi ke toshewa a ruwan farko, da barin motocin yashi su mayar da ita hanyarsu. Ga lissafi mai sauƙi: titi mai hannu biyu, kowane hannu mita 7.3, tsawon kilomita 5, shimfiɗarsa murabba'in mita 73,000 ce. Wannan shimfiɗar za ta yi turbar keke ta kusan kilomita 29, ba a ma sa kuɗin fitilu da shingen tsakiya ba.

Wasu za su ce ai akwai shirin RAAMP na Bankin Duniya da Kano ke ciki. Hanyoyin fitar da amfanin gona ne, mota aka yi wa su. Wasu kuma su nuna rabon kekuna da 'yan siyasa ke yi, ko zagayen da manya ke yi da hular kwano ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya. Ojo Maduekwe ya hau keke zuwa ofis yana ministan sufuri, motar bas ta ture shi a Abuja, kuma har yau ba a ɗauki darasin ba: raba keke ba tare da hanya ba, raba wa masu faci ciniki ne.

Dalilin ƙin yin aikin a fili yake. Kwalbati ba ya ɗaukar allon sunan gwamna, ba a gayyato shugaban ƙasa ya yanke masa ƙyalle, kuma kwangilarsa ta yi ƙanƙanta a raba. Alhali kundin tsarin mulki ya ɗora ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa a wuyan ƙananan hukumomi, 44 a Kano, 27 a Jigawa, kuma Kotun Ƙoli ta yanke tun 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. A ware wani kaso na kuɗin hanyoyi don turbobi da kwalbatoci, a hana biyan ɗan kwangila sai ya kwalce gefen titi. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su fara da ƙirga kwarurrukan da ke hana yara zuwa makaranta kafin ruwan bana ya sauka.