Ku Bar Jemagun Nan Su Yaye 'Ya'yansu

Wato jarumtar da ta rage wa samarinmu a Jos ita ce su ɗauki danƙo su kakkaɓo jemagu daga kan bishiya a watan Maris, su kuma ɗora bidiyon suna dariya? Sannunku da ƙoƙari, mazajen fama.

Wanda ya harbi uwar jemage a wannan lokacin rai biyu ya kashe. Manyan jemagun nan masu ruwan ɗorawa da ke cin 'ya'yan itace ɗa ɗaya tak suke haifa a shekara, daga Fabrairu zuwa dab da faɗuwar damina. Ɗaya tak. Ana haifar jaririn da nauyin giram 50 ko ƙasa da haka, fikafikansa ba su yi ƙwari ba, amma ƙafafunsa da faratansa sun riga sun girma, domin aikinsa na farko riƙo ne. Nonon uwar a hammata yake. Yana kama shi da ƙananan haƙora masu lanƙwasa, ya damƙe gashin cikinta da farata, haka take tashi da shi neman abinci da dare. Sai ya yi mata nauyi take barinsa a reshe, can yake koyon kaɗa fikafikai makonni kafin ya iya tashi. Jikinsa bai iya riƙe ɗumi shi kaɗai ba, da zarar uwar ta faɗi, sanyin daren Jos da ƙishirwa su gama da shi.

Masu cewa ai suna da yawa, ko kashinsu na ɓata mota, don Allah ku gyara fakin. Garken da ke ƙaruwa da ɗaya ɗaya ba ya farfaɗowa da wuri.

In kun tsinci jariri a ƙasa, kar ku taɓa da hannu tsirara. A jikin irin wannan jemagen aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ciwon haukan kare a Legas a 1956. Sa safar hannu mai kauri, lulluɓe shi da tsumma, saka a kwali mai huji a wuri mai ɗumi, a kira likitan dabbobi. Kar a ɗura masa madarar shanu, tana iya sa shi gudawa, ta kuma iya shiga huhunsa.

Af, furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemagu ke yi musu barbara. Ku tambayi matan kasuwar Taminus nawa daddawa take yanzu.