Oga ba ya nan, ka dawo jibi

Duk mai bin takarda a ofisoshin Zariya ya haddace wannan amsa. Mataimaki yana zaune, akawu yana zaune, fayil yana kan tebur, amma babu mai ikon sa hannu. Oga ya tafi taro Kaduna ko ɗaurin aure Kano, ya tafi da aikin ofis gaba ɗaya a aljihunsa.

An saba ɗora laifin a kan lalacin ƙananan ma'aikata. A ganina kaso mafi tsoka na shugabanni ne, domin da yawansu wahala kawai suke rabawa, iko kuwa su ƙanƙame shi.

Leƙa kasuwar Sabon Gari ka gani. Alhaji ya tafi Kantin Kwari saro kaya, ya bar yaron da ya yi shekara da shekaru a shagon. Wata ta taya atamfa, ta nemi a rage mata naira ɗari biyar. Yaron ya san ko an rage akwai riba, amma sai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri in kira Alhaji." Wayar ba ta shiga ba. Hajiya ta gyara mayafi ta matsa shagon gaba. Da magariba Alhaji ya dawo yana faɗan ba a yi ciniki ba.

Abin mamaki, mu ba baƙin wakilci ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai zo Zazzau da kansa ba. Tuta ya ba Malam Musa, da ikon zartarwa, da sharuɗɗan da zai bi. A 1812 ma ya raba gudanar da daula tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi ya koma ga karantarwa. Har gobe rigimar iyakar gona takan mutu a gaban mai unguwa ko dagaci, in ta gagara ta je wa hakimi, ba kowace ce ke isa fada ba.

Mun kuma ga abin da rashin miƙa aiki ke jawowa a sama. Da rashin lafiya ta fitar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Saudiyya a Nuwamban 2009 ba tare da an aika wa majalisa takardar da sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata ba, ƙasa ta shiga ruɗani, sai a Fabrairun 2010 majalisa ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi. Takarda ɗaya ce fa.

Ba na cewa Alhaji ba shi da hujja. Ya ga shagunan da yaran gida suka karya, kuma tun yana ƙarami yake jin cewa zuwa da kai ya fi aike. Koyarwa ma akwai cin rai: abin da za ka gama kafin shayi ya huce, mai koyo zai wuni a kai, ya kuma ɓata. Wani tsoron kuma ba a faɗinsa a fili, wato kada mataimaki ya ƙware har a gane ana iya yi babu oga. Mafi muni shi ne shugaban da ke ba da aiki don ya sami wanda zai laƙaba wa laifi: in abu ya yi kyau nasa ne, in ya lalace a kira yaro.

Amma maganin rashin amana lissafi ne da iyaka. A gaya wa yaro, ragi daga nan zuwa nan naka ne, bashi kuwa sai da ni, a kuma buɗe littafin ciniki kowane dare. A ofis a rubuta sunan mai riƙo kafin a hau mota, a sanar da kowa.

Inda abin ke cakuɗewa shi ne ɗaukar ma'aikaci don zumunci. Ɗan yayarka ne, ba ka yarda da iyawarsa ba balle ka sakar masa, in kuma ya yi ɓarna ba ka isa ka tuhume shi ba, don kafin ka iso gida uwarsa ta riga ka.